Kafaɗar da Ta Ƙi Miƙewa

Shekara arba'in da ɗaya Ottmar Haug ya yi yana kanne ido ɗaya. Aikinsa ke nan a masana'antar bindigogi ta bakin kogin Neckar: ya ɗaga bututun bindiga ya saita hasken taga, ya leƙa ciki, in ya ga karkata ko ta silin gashi ce, ya danne ta miƙe. Ko a coci da ido ɗaya yake kallon fada. Mu abokansa in mun tsokane shi sai ya ce, "Ku masu ido biyu, me kuka taɓa gani?"

Abu ɗaya ya gagare shi miƙarwa, wato kafaɗar 'yarsa tilo, Irmtraud. Tun tana ƙarama take tafiya da ta hagun a sunkuye.

"Miƙe, 'yar nan!"

"Ni ba bututunka ba ce, Baba."

Tana da shekara sha tara ta ture farantin abinci, ta ce ba za ta ƙara cin burodin da bindiga ta saya ba. Ya ce ga ƙofa nan. Ta kuwa bi ta. Kalmar nan ita ta cinye shi shekara ashirin da shida.

Bai iya rubuta wasiƙa ba, bawan Allah. Abin da ya iya shi ne tsayuwa. Duk bikin Fasnet, ranar da 'yan gari ke sa fuskar katako da ƙararrawa suna tsalle a titi, sai ya tsaya a gindin gada cikin ƙanƙara, ido a kanne, yana bin kafaɗu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ɗan garin nan ko ya yi fushi da uwarsa, ba ya fushi da Fasnet.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Bara ya ce mini, "Egon, in ba ta zo bana ba, ko ta zo baɗi ba zan gane ta ba."

Ranar bikin muna tsaye a gindin gadar, ƙafa ta daskare, wata mai fuskar katako ta ratso ta miƙa masa burodi daga waɗanda ta zura a sandarta. Bai karɓa ba. Ya matso har hancinsa na neman taɓa katakon.

"Miƙe, 'yar nan," ya ce.

Muryar Irmtraud ta fito daga bayan katakon.

"Tsoho, har yanzu ba ka gaji ba?"

"Akwai miya a gida."

"Ka san ba a cire fuska a titi."

"To, mu je inda ake cirewa."

Kwana uku ta yi. Shi kuma ya rasu da ganye ya fara tohowa. A bakin kabari na tsaya bayanta, ban san lokacin da na kanne ido ba. Kafaɗar tana nan a sunkuye, Ottmar. Ban ce mata ta miƙe ba.