Ranar da Filashi Ya Dawo Mana da Muryar Baba

Duk tsawon ran da Allah zai ba ni, ba na jin zan manta ranar da na sako wata 'yar kwamfuta a aljihun rigata, na hau mota daga Zandam zuwa Birnin Kudu.

Mahaifinmu malami ne, a zauren gidanmu ya yi shekaru yana karantar da littattafai. Da ƙarfinsa ya fara raguwa, yayana da ke aiki a Legas ya kawo wata kwamfuta da ba ta fi tafin hannu ba, da ɗan kati a jikinta irin memorin waya. Ya haɗa ta da sola da makirufo da lasifika, ya ce in riƙa ɗaukar karatun Baba. Shekara biyu ina ɗauka. Yayan nawa ya sha gaya min in kwafe a wani wurin, ban yi ba.

Baba ya rasu da bazara. Da damina ta kankama, wata rana batir ya ƙare tana cikin aiki. Da na sake kunnawa, jar fitila kawai ta kama, shiru. Sati uku ina ɓoye wa kowa. Inna ta saba in sa mata karatun bayan la'asar tana tsince wake a bakin ƙofa, sai na riƙa ce mata batir ne. Daga baya ta daina tambaya, shirun nata kuwa ya fi yi min ciwo.

A Birnin Kudu mai gyaran waya na farko ya ce kwamfutar ta mutu. Na biyu ya sa katin a kwamfutarsa, ta nuna a yi fomat, wato a share komai, har ya kai hannu na riƙe shi. Shi ne ya kwatanta min wata malama mai koyar da kwamfuta, ya ce in ita ma ta kasa in haƙura.

Na same ta ta sallami ɗalibai. Mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta tambaye ni me ke ciki, na gaya mata. Ta bayyana min cewa na'urar duk lokacin da aka ba ta wuta, a farkon katin take neman umarnin tashi, kuma wannan wurin ne ya lalace da wuta ta ɗauke. Karatuttukan kuwa wataƙila suna nan.

"Malam, ba dole sai daga katin za ta tashi ba," in ji ta. "In muka ba ta wani wurin, za ta tashi."

Ta ciro wani koɗaɗɗen filashi daga jakarta, ta shiga zuba masa umarnin daga tata kwamfutar. Na je na yi sallar azahar na dawo ba ta gama ba. Da ta gama ta zare katin, ta soka filashin, ta haɗa na'urar da wata tsohuwar talabijin, ta ba ta wuta.

Jar fitilar ta kama, talabijin baƙi ƙirin. Na sunkuyar da kai. Can sai wata koriyar fitila ta fara ƙyaftawa, fararen rubutu suka shiga gudu a kan gilashin, layi bayan layi, ido ba ya cim musu. Na yi karatun allo, na yi na boko, amma ko kalma ɗaya ban gane ba. Abin da na yi sati uku ina hurawa ina girgizawa, ga shi ya farka da abin da bai kai ɗan yatsana ba. Ba abin da nake iya faɗa sai subhanallahi.

Sai ta sa katin a wani ɗan abin karanta kati, ta soka a gefe. Karatuttukan suka jeru. Ta danna ɗaya. Gyaran muryar Baba na fara ji, sannan bisimillarsa, sannan ya ce wa wani ɗalibi ya matso ba ya jin sa. Malamar ta tashi ta fita ta bar ni ni kaɗai, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Ba ta bar ni na tafi ba sai da aka kwafe komai wuri uku. Karatu huɗu ne ba su dawo ba, har da na ƙarshen da ya yi, kuma wannan rashin nawa ne, ba na kowa ba.

A gida na gaya wa Inna gaskiya. Ta ce ta gane tun ranar farko, ta dai ƙyale ni ne. Sannan ta ce, "To, sa min shi."

Abin da na koya shi ne, inda sanina ya ƙare ba nan magana ta ƙare ba. Allah Ya raba ilimi a hannun bayinSa, wani yana can zaune a ɗan ɗaki da abin da kake nema a cikin jakarsa. Tun daga ranar, in abu ya gagare ni ba na zama da kunya, takalmina nake sawa in je in tambaya.