R Takwas a Kan Kwanona

Cale, abokaina, ko na tsufa ba zan manta da wata Asabar ta watan Yuni ba, shekarata ta ƙarshe a jami'a. Ku ƙannena da za ku shigo lab bana, ku buɗe kunne.

Aikinmu shi ne mu shuka tsoka a kan zare. Nanofaiba ake kiransa, zaren roba ne siriri wanda gashin kanka ma katako ne a gabansa. Ka narka robar, ka zuba a sirinji, wutar lantarki ta ja ta, wata ganga mai juyawa ta naɗe. In zaren ya kwanta layi ɗaya, ƙwayoyin tsokar ɓera da muke zubawa sai su bi layin, su haɗe, har su fara motsi da kansu. Wannan motsin shi ne komai.

Mu biyu ne a ƙarƙashin Dakta, mai kula da aikinmu: ni Basiru ɗan unguwar Nima, da Rukaya 'yar unguwar Maamobi. Dakta ya ce kujerar mastas ɗaya ce, ta wanda tsokarsa ta fara motsi ce.

To, zaren Rukaya kamar an ja da rula. Nawa kuwa? Dakta ya leƙa madubin lab mai ƙara girman abu ya ce, "Basiru, wannan tsoka za ka shuka ko indomi za ka dafa?" Rukaya ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ni ma na yi, amma wallahi maganar ta fi shito, yajin nan namu, zafi. Kullum "Rukaya, madalla." Ni ko sannu babu. Har a trotro, motar hayarmu, in na ga wayar lantarki a miƙe, haushinta nake ji.

Su ƙwayoyin nan a ɗan kwano suke zama, kuma sai an ciyar da su. Akwai wani ruwa ja-ja da ake canja musu duk kwana biyu, in ya koma rawaya sun cinye ke nan. Dokar lab kuma, in ka ciyar wa wani, ka rubuta harafin sunanka da maka a gefen kwanonsa.

Ranar Asabar ɗin Rukaya ta kira ni da safe, ana ta hayaniya a bayanta.

"Bash, don Allah, yau sunan ɗan yayata, ni ke kan tukunya. Ka ciyar min da yarana."

"Yaranki? Ba ke ce 'yar gaban goshin Dakta ba? Ki kira shi mana."

"Kai, bar iskanci. Zan ajiye maka waake da wele."

Shinkafa da wake har da ganda? Na ce to. Na je, ba kowa a lab. Na fito da kwanonta daga injin ɗumin da muke ajiye su, ruwan ya yi rawaya sosai. Na ɗora a madubi don in ƙara wa kaina baƙin ciki kawai.

Sai na ga abu ya yi zil. Na ce ko tebur na taɓa. Na janye hannu, na riƙe numfashi. Zil! Zil! Cale, tsokar Rukaya na rawa, kuma duk duniya ni kaɗai na sani.

Ba zan muku ƙarya ba. Shaiɗan ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. Ba sai na zubar da komai ba, ba sai na fasa komai ba. In mayar da kwanon yadda yake, in tafi gida. Kafin Litinin sun galabaita, in ce na ciyar, Allah ne ya yi. Na mayar kuwa. Har na kama ƙofar injin ɗumin zan rufe, na ce bari in duba indomina.

Na juya kwanona, na ga R. Na jawo tsofaffin kwanonina da ke kan kantar lab, R, R, R. Takwas. Duk Juma'a da na ruga masallaci na ce mata "ki duba min" ko waiwayowa ban yi ba, ta ciyar. Ko sau ɗaya ba ta yi min gori ba.

Na ciyar da nata. Na rubuta B. Na ɗauki bidiyo na tura mata.

Ta kira tana ihu, mata na guɗa a baya, sun zaci jaririn take wa murna. "Bash! Da gaske? Ka rantse!"

"Na rantse. Kuma ki sani, haushi nake ji sosai paa."

"Ji abinka. Amma ka daina barin ƙofa a buɗe kana hira in kana jan zare. Damina ce, laima ke lalata maka."

Kujerar dai ita ta samu, ni sai da na jira shekara. Abin da na koya: a aikin nan ranka yana hannun wanda kake hassada, nasa kuma yana hannunka. Ku yi hassadarku, amma ku ciyar.

Yau da safe tawa ta motsa, cale, ta motsa! Na tura wa Rukaya bidiyo. Ta turo min hoton wuta guda uku, sannan ta ce, "Tawa ta fi ƙarfi."

Na sake kallon nata sau biyar. Ta fi ɗin.