Ranar da Na Ga Ƙeyata

Bari in faɗa da bakina kafin jikokina su riga ni: wawan wannan labari ni ne, ba ni da abokin tarayya.

Ina saurayi a Fagge, saura shekara biyar ko shida a ba mu mulkin kai. Na yi elementare har aji uku, ina rubuta sunana ba tare da na zaro harshe ba, saboda haka ina lissafa kaina cikin manyan masana. Sai ga labari wani kamfanin sayen gyaɗa yana neman masinja: kaki, hula, da keke. Keken nan shi ya shiga raina. Babban akawu ya duba rubutuna ya ce ya yi, saura likitan kamfani ya duba lafiyata ranar Litinin ta sama. In ya sa hannu, keke nawa ne.

Tun da aka haife ni wanzamin unguwarmu ke yi mini aski. Ka tsuguna a zaure, ya jiƙa kai, ya kankare, ka tashi. Babu madubi. Ni kuwa na ga bai dace masinjan gobe ya je gaban likita da askin zaure ba. Na nufi Sabon Gari, shagon wani Bayarabe mai kujera mai juyawa. Da ya gama, sai ya ɗauko ƙaramin madubi ya riƙe ta bayana, ya ce in duba babban da ke gabana. Ranar na fara ganin ƙeyata.

Can ƙasa, daidai inda kai ya haɗu da wuya, ga wani ƙulli ya turo kamar rabin ƙwan zabo. Na sha taɓa shi, amma na ɗauka na kowa haka yake. Mai aski ya ƙwanƙwasa shi da kum ya ce, "Aboki, naka ya yi girma fa."

Nan ilimina ya tashi. Na tuna hoton ƙoƙon kai a littafin tsabta na aji biyu, sumul kamar ƙwarya. Tunda littafi bai zana ƙulli ba, ƙulli ciwo ne. Likita kuma ai littafin ya haddace.

Kwana biyu ina binciken ƙeyar jama'a. A masallaci na koma sahun baya, Allah ya gafarta mini, ina leƙa ƙarƙashin huluna. Na wasu a shafe, na wasu ɗan tudu, amma ban ga sa'an nawa ba. Na yi alkawari kafin Litinin sai na daidaita shi.

Na fara da wanzami. Na ce, "Baba, so nake ka cire mini wannan."

Ya shafa ya ce, "Ɗan nan, shekara ashirin askata tana hawa tudun nan tana sauka, bai taɓa yi mata gardama ba. Ƙashi ne."

"To a yi masa ƙaho."

"Ƙaho jini yake ja. Ka taɓa jin an zuƙo ƙashi?"

"A kankare shi mana."

"Sai ka je wajen masassaƙi, mai yin turmi. Ni kan mutane nake taɓawa."

Na tashi ina cewa a raina tsofaffin nan ba su yi boko ba. Na je wajen maɗori a bayan kasuwa. Ya lalube ni har kafaɗa ya ce shi abin da ya karye yake ɗorawa, in je in karya in dawo. Shi ma na sa shi a layin jahilai.

Da na ga masu sana'a sun gaza, sai na zama likitan kaina. Na sayo man zafi a wani kemis na Sabon Gari, irin wanda 'yan ƙwallo ke shafawa. Na samo dutsen niƙa ƙarami, in gasa shi a murhun Inna in ta fita unguwa, in shafa mai, in ɗora dutse, in ɗaure tamau da tsohon rawanin mahaifina marigayi. Hujjata ita ce maƙeri da wuta yake lanƙwasa ƙarfe, ƙashi kuwa bai kai ƙarfe ba. Hawaye na zuba, ina ce wa kaina keke ba ya samuwa a banza. Rana ta uku fata ta tashi. Rana ta biyar ta saɓule, ƙuda suka fara raka ni. Ƙulli kuwa yana nan, ko gezau. Na ja hula har wuya na ci gaba.

Litinin na je. Likita Bature ne, tafintansa wani malamin asibiti, Kirista mutumin Zariya. An auna ƙirji, an duba ido da haƙora, duk lafiya. Sai aka ce in cire hula. Malamin ya ja da baya ya ce, "Kai! Wa ya ƙona ka?"

Na gyara murya na yi musu bayanin ciwona da maganina, har da littafin aji biyu. Likita ya saurara, sannan ya kama hannuna ya ɗora a tasa ƙeyar. Wallahi ga nasa nan, ƙanen nawa. Malamin ya fassara: nan jijiyoyin wuya ke kama ƙoƙon kai, kowa yana da wurin, na wani a kwance, na wani a tsaye, ba ciwo ba ne. Amma gyambon da na yi wa kaina ya fara ruwa, ba zai sa hannu ba sai ya warke. In dawo bayan mako uku.

Kamfani bai jira mako uku ba, kakar gyaɗa ta kama. Ranar Laraba na ga wani ɗan unguwarmu, wanda ko aji biyu bai gama ba, ya wuce a kan kekena yana kaɗa ƙararrawa.

Na shiga gida, Inna tana tankaɗe. Na zauna ta wanke mini gyambon da ruwan gishiri, ina ta mita. Na ce, "Inna, wannan ƙeya ta cuce ni. Ban san inda na samo ta ba."

Ta ce, "Ta ubanka ce, ta kakanka ce. Da ita ubanka ya yi fataucin goro har Ikko, ba ta hana shi komai ba."

Na ce, "Shi ai bai yi boko ba, bai san illarta ba. Ni ga shi ta hana ni aiki."

Ta matse tsumma a kan gyambon har sai da na zabura, ta ce, "Rufe mini baki. Ƙashin da ke waje likita ya ce lafiyarsa lau. Abin da ke ciki ne bai duba ba."