Ɓauren Taubashina Ya Kai Ni Illela

Talata: Ƙonni zuwa Malbaza

Ƙarfe biyar da rabi na fita daga gida, ana idar da sallar asuba, da 'yar jaka a kafaɗa. A cikin jakar akwai gwangwanin madara, a cikin gwangwanin kuma ɓaure biyar da ganye biyu na itacen gidana. Na yi doguwar kewaya ta bayan unguwa don kada in gifta ƙofar gidan taubashina, Lasdan Hamidu. Shekarata sittin da uku, talatin daga ciki a lakwal na yi su ina koyarwa, shi ya sa ake kirana Mushe, wato malamin makaranta, amma ga ni ina sanɗa kamar wanda ya saci akuya.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: hassada ce ta fito da ni. Ba ɓauren daji nake nufi ba, wanda in ka ɓare sai ƙwari. Ɓauren gida ne, baƙi, irin na lambunan arewa. Shekara shida ke nan da na sayi dashensa hannun wani mai tallar itatuwa. Na ba shi taki, na ba shi ruwa safe da yamma, yana 'ya'ya kamar ba gobe, amma in ka sa a baki sai ka ce auduga kake taunawa. Shi kuwa Hamidu, ɗan kawuna, tsohon sojan da ko gero bai iya shukawa ba, ya dasa nasa shekara uku bayan nawa, ya fito zuma. Majalisar yamma da take ƙofar gidana ta kwashe tabarminta ta koma tasa. Duk Juma'a sai ya aiko mini da faranti guda, da saƙon cewa in aika masa da nawa ya ba awaki in za su karɓa. Nakan cinye a ɗaki, in fito in ce wa matata Rabi ba wani daɗi gare shi ba.

Na ji yana cika baki cewa a Malbaza ya samo reshen, wurin wani Isufu mai aiki a masana'antar siminti. Sai na ƙudura in je in samo nawa. Kafin in taso na yi magana da Ɗan Jimma mai saran itace, ya zo ranar Alhamis ƙarfe takwas ya kayar da nawa itacen, a samu wurin sabon dashe. Rabi ba ta so, saboda inuwa, don haka na ja masa kunne cewa ko ita ta hana shi kada ya saurare ta. Tun Juma'ar da ta wuce na daina ko kallon itacen, ban da biyar ɗin nan da na tsinko na tafiya.

Mota ta cika ƙarfe bakwai saura kwata, jika guda ta sefa kuɗin kujera. Muka wuce Tsarnawa, muka bi bayan manyan motocin albasa, kilomita talatin da biyar ta ci mana sa'a guda.

“Baba, luzin siminti za ka ko kasuwa?” in ji direba.

“Zumunci za ni.”

Ban san ko kamannin Isufu ba.

A Malbaza aka ce mini yana bakin aiki sai ƙarfe huɗu. Na wuni a rumfar mai shayi da burodi da ƙwai, ina kallon motocin siminti suna fita ɗaya bayan ɗaya. Da ya fito, mutum ne siriri mai sanyin magana, bai tambaye ni komai ba sai da ya kai ni gida na sha ruwa.

Itacensa na bayan ɗaki, kusa da wurin wanke-wanke. Kallo ɗaya na gane uwar na Hamidu ce. Ganyen mai yatsu uku ne gajeru, nawa kuwa yatsu biyar ne dogaye. 'Ya'yan gewayayyu, cikinsu launin zuma, da ɗan ido buɗe a ƙasa inda tururuwa ke shiga. Ya ba ni uku. Na ci ina jin daɗi a baki da ɗaci a zuciya, don mutumin nan ko taki bai taɓa zuba masa ba.

“Ni walda na sani, Mushe,” ya ce. “Wanga ma Illela ta wajen Tawa ni samo shi, wurin Inna Kulu. Iri ukku ag gare ta. Akwai guda da ya hi wanga nesa, ban dai samu reshenshi ba.”

“Ya hi na Lasdan?”

“Ai ba su haɗa hanya ba.”

Nan take na fasa komawa gida. In na koma da irin na Hamidu, iyakarta mu yi kunnen doki, kuma zai ce ni na kwaikwaye shi. Wanda ya fi nasa nake so. Ban nuna wa Isufu gwangwanina ba, kunya ta hana. Na ci tuwon hatsi da miyar kuka, na kwana a zaurensa.

Laraba: Malbaza zuwa Illela

Ƙarfe shida da rabi na samu mota zuwa Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu. A nan na zauna har tara da kwata kafin wata ta tsaya da kujera guda a baya, tsakanin buhun barkono da wata mata mai kaji. Jika biyu zuwa Badagishiri, kilomita sittin da wani abu.

A shingen jandarma aka karɓi takardunmu. Wani ya leƙa jakata ya buɗe gwangwanin.

“Baba, wanga magani na?”

“Ɓaure na.”

Ya latsa guda da yatsa, ya ji tauri, ya mayar da murfin ya ce Allah shi ba da lafiya. Mai kajin ta yi ta dariya har Gidan Idar, ni kuwa na juya fuskata wajen taga.

Sha ɗaya da rabi muka sauka Badagishiri. Na sha hura mai sanyi, na shiga wata tsohuwar mota da sai an tura take tashi. Kilomita ashirin da 'yan kai, amma sai bayan azahar muka shiga Illela. Mai kabu-kabu na farko da na tambaya ya san gidan. Ya ce kowa ya san gidan mai ɓaure, maganar ta sosa mini rai, don a Ƙonni ma haka aka fara kiran gidan Hamidu.

Inna Kulu tsohuwa ce ƙarama, ta haura saba'in. Marigayi mijinta soja ne, ya yi zaman arewa, shi ya zo da rassan a jiƙaƙƙen buhu. Itatuwa uku ne kewaye da rijiya, kowanne an lulluɓe masa wani sashe da tsohon gidan sauro. Ta zaunar da ni ta jera mini guda uku a faifai, dukkansu baƙaƙe, wanda bai sani ba zai rantse itace ɗaya ne.

Na farko irin na Isufu ne. Na biyu ya fi girma, fatarsa da kauri, cikinsa ja-ja, zaƙinsa kaɗan. Ta ce shi ya fi jure zafi. Na uku ƙarami ne mai dogon wuya, idonsa a rufe ruf, fatarsa ta ɗan tsage. Da na ɓare shi, ciki ja wur. Na sa a baki. Na Hamidu zaƙi ne kawai, wannan kuwa zaƙi ne da ɗan tsami a bayansa da ƙamshin da ke daɗewa a maƙogwaro. Har na fara ganin tabarmin majalisa suna dawowa ƙofar gidana.

“Inna, wanga nika so. Ko reshe guda.”

“Sannu dai, Mushe. Kana da wuri?”

“Akwai wani banza da za a sare gobe.”

“Itace ba shi zama banza. Wane iri na?”

Ba yadda na iya, na fito da gwangwanin. Ta ɗauki ganyen da ya yi yaushi, ta shimfiɗa a tafin hannu, ta tashi ta tsinko ganye daga itace na uku ta ɗora a kansa. Yatsu biyar a kan yatsu biyar. Ta ɗauki ɗaya daga cikin 'ya'yan ta duba wuya, ta duba ido, sannan ta dube ni.

“Mushe, ai shi na. Wanga da kac ci yanzu, shi ag gidanka. Yaushe kaka tsinka tai?”

Na ce da ya yi baƙi nake tsinkewa, kafin tsuntsu da jemage su riga ni, in jera a kwali in rufe da tsumma ya ƙarasa nuna. Na faɗa da gadara, don a ganina dabara ce.

Ba ta yi dariya ba, wannan na gode mata. Ta ja ni gindin itacen, ta tsinki wani baƙi mai tauri, sai ga farin ruwa kamar nono yana ɗiga daga wuyansa. Ta tsinki wani da ya langaɓe, ko ɗigo babu.

“Ka gani? Ɓaure ba mangwaro ba na. In ka raba shi da uwa tai, inda yat tsaya nan shika mutuwa. Baƙin ga yaudara ta, shika riga nuna da kwana ukku ko huɗu. Sai wuya ya karye, hwata ta tsage. In ya hwara nuna ka rage ruwa. Ka ruhe rabi, ka bar ma tsuntsu rabi, shi ma da rabo nai.”

Shekara shida ke nan ina da wanda ya fi na kowa a Ƙonni, ina tsinke shi ɗanye don kada tsuntsu ya ci guda. Sai kuma na tuna gatarin Ɗan Jimma.

Motar ƙarshe ta riga ta tashi. Wayar Rabi tana wurin mai gyara tun makon jiya, Ɗan Jimma kuwa ba ya riƙe waya. Na kira maƙwabcina, ya ce yana Doso. Duk sauran lambobin da nake da su na 'yan majalisar Hamidu ne, kiran ɗayansu daidai yake da kiransa. Na fito da sunansa a waya na dube shi, na mayar aljihu. Na ce in na tashi da wuri wataƙila in isa kafin takwas. Na san ƙarya nake yi wa kaina, ni da na koyar da lissafi. An ba ni masauki a zauren ɗanta, aka kawo dambu, ban iya cin rabi ba.

Alhamis: komawa gida

Tun ƙarfe shida ina tasha, mota ba ta cika ba sai bakwai da kwata. Takwas ta buga muna shiga Badagishiri. Na sauka na yi ta safa da marwa a bakin hanya, minti goma cur, ina ji kamar saran a jikina ake yi. Girman kai rawanin tsiya. Takwas da minti goma na kira.

“A'a, Mushe da kanshi? An ce ka tahi zumunci.”

“Hamidu, bar wasa. Ka tahi gidana yanzu ka tsai da Ɗan Jimma.”

“Kana ina?”

“Badagishiri. Daga Illela nike.”

Sai dariyarsa ta cika wayar har mai sayar da ƙosai ta waigo. Ya kashe.

Sha biyu da kwata na sauka Ƙonni, wannan karon ta ƙofar gidansa na bi, tunda babu sauran abin ɓoyewa. Tun daga zaure na ga hasken da bai kamata ba a tsakar gidana. Itacen manyan rassa biyu gare shi, na gabas ya tafi, sai farin kututture yana zubar da nono. Na yamma yana tsaye. Rabi ta ce mini sannu da zuwa ba tare da ta ɗaga kai daga tsintar shinkafa ba. Hamidu na zaune a tabarmata a sauran inuwar, da kwano a gabansa, a waje kuma ana ɗaure reshen da aka sare a amalanken jaki.

“Da ka ƙara minti biyar, da itacen wuta kat tarar,” ya ce. “Wancan reshen ladata ta. Za ni yanke shi gunduwa-gunduwa in dasa.”

“Ka san irin da ag gare ni?”

“Shekara ukku ina kallon kana tsinka tai ɗanye. Rannan na ci guda da kam mance bisa, tun sannan ban yi kwanan kirki ba.”

“Mi ya hana ka gaya mini?”

“Ka taɓa tambaya ta? Kai ad da alli, ni bindiga ɗai ni sani.”

Ashe shi ma yana da nasa ciwon. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai, ba zan ɓoye ba. Ya tura mini kwanon. Kwana shida da na ƙyale itacen sun ishe shi, 'ya'yan sun langaɓe, fata ta tsage. Ya cinye tara ya bar mini biyu. Na ɓare guda, ja wur, na ci ɓauren gidana nunanne karo na farko, daga hannun Hamidu.

Alhamdu lillahi, na je lafiya na dawo lafiya. Ina godiya ga Isufu da ya sauke baƙon da bai sani ba, da Inna Kulu da ta koyar da ni ba ta kunyata ni ba, da Rabi da har yau ba ta ce ai na faɗa maka ba. Hamidu ma na gode masa, ko da yake sai da na sha ruwa godiyar ta wuce maƙogwaro. Na raka shi ƙofa, na tsaya ina kallon jaki yana jan rabin itacena zuwa gidansa. Nan da shekara biyu zai zama yana da iri biyu, ni ina da rabin guda.