Allurar Baba a Kurfi

Shekarar da allurar rigakafin korona ta iso, ina koyar da lissafi a Dutsin-Ma. An ce allurar ba za ta ishi kowa ba, sai na zauna da kwamfuta ina neman amsar tambaya ɗaya: wa ya kamata a fara yi wa? Tsofaffi, da cutar ta fi kashewa, ko matasa, da suka fi yawo suna yaɗa ta? Na kasa jama'a rukuni-rukuni bisa shekaru, na ba kowane rukuni adadin mutanen da yake cuɗanya da su a yini. Tsofaffi na ba su kaɗan, don a ganina suna gida. Duk da haka lissafin ya ce a fara da su, amma da ƙyar suka rinjayi matasa.

Ranar kasuwa na tafi Kurfi don in kai mahaifina a yi masa. Ya ƙi.

"Ni na ci zamanina," in ji shi. "A ba masu ƙananan 'ya'ya."

Ban ja da shi ba, na dai bi shi yinin nan. Daga gida muka je suna, daga suna muka wuce ta'aziyya a Ɗantutture, muka dawo kasuwa, sannan masallaci. Duk wanda ya gan shi sai ya durƙusa ya kama hannunsa. Da muka koma gida jikoki suka haye jikinsa. Tun kafin azahar na daina ƙirga hannuwa.

Bayan la'asar na ce, "Baba, na yi kuskure a aikina. Na ɗauka tsofaffi ba sa haɗuwa da mutane. Yau ka gaisa da jama'a fiye da yadda nake yi a mako guda. In ka kamu, ba kai kaɗai za ka kwanta ba."

Ya dube ni yana jan carbi.

"Wato ni zan kai musu cutar?"

"Zai iya yiwuwa, Baba."

Washegari da safe ya sa babbar riga, muka tafi asibiti tare da aminansa biyu da ya aika aka kira. Hannunsa ya yi tsami kwana biyu, ya kuma tabbatar na ji labari.

Da na koma Dutsin-Ma na gyara lissafin, na ƙara adadin mutanen da tsofaffi ke cuɗanya da su. Wannan karon tazarar da tsofaffi suka ba matasa ta fito fili.