Wurin Wa Za Ku a Mambila?

Cikin duk shekarun da na yi ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandaren 'yan mata mai zaman kanta a Tudun Wadan Zariya, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wadda Alhaji Mudi ya yi mini tambayar da babu ita a littafi. Tunda ku sababbin malamai kun fara maganar kai ɗalibai yawon buɗe ido, bari in ba ku labarin kafin ku rubuta takardar neman izini.

A lokacin ɗalibai Malam Taswira suke ce mini, a bayan idona dai, amma labari ya iso. Ina iya zana tsaunukan Mambila a allo ido rufe, alhali iyakar tafiyata gabas Jos ce. Ni kuwa irin mutanen nan ne da in suka ga tudu sai sun san abin da ke bayansa. Sai na tsara wa 'yan ajin ƙarshe tafiya a hutun zango na biyu, cikin bazara. Za mu bi ta Jos mu ga duwatsu, mu shiga Bauchi mu taɓa ruwan ɗumin Wikki, mu ratsa Gombe, mu haye Binuwai a Numan, mu ƙare a kan Mambila a jihar Taraba. Ina so yaran su gani da idonsu cewa ƙasar nan ba duka ba ce shimfiɗe kamar filin Zariya.

Ga wanda bai san tsarin ba, malami ba ya ɗaukar yara haka kawai. Zai rubuta wa shugabar makaranta, ita ta tura ofishin ilimi na shiyya, a sanar da jami'an tsaro hanyar da za a bi, a yi alkawarin tafiyar rana kaɗai, a kuma haɗa da malamai mata. Duk waɗannan na cika su. Mataki na ƙarshe shi ne kwamitin iyaye, wanda na ɗauka shan ruwa ne.

Shugaban kwamitin shi ne Alhaji Mudi, ɗan kasuwar hatsi a kasuwar Tudun Wada, mutumin da babu kasuwar Arewa da bai ci ba. Na baje hotuna a kan tebur, na yi bayani har makogwarona ya bushe. Ya saurara tsaf, ya gyara zaman hularsa, sannan ya ce, "Malam, duk mun ji. Amma wurin wa za ku?"

Na ce ba wurin kowa ba, ƙasa za mu gani. Ya dubi sauran iyaye, ya sake dubana, ya tambaya ko dutsen za mu gaisar. Aka yi dariya, har da shugabarmu Hajiya Binta, wadda ta ɓoye tata a bayan mayafi. Alhaji ya ce shi ya wuce duwatsun Jos ba adadi, bai taɓa tsayar da mota don ya kalle su ba. A saninsa mutum yana barin gida ne don fatauci ko neman ilimi, ko biki, ko ta'aziyya, ko sada zumunci. In maƙwabci ya tambaye shi ina 'yarsa, ba zai iya buɗe baki ya ce ta tafi kallon ciyawa ba. Daga nan ya daina wasa. Ya ce baƙon da ba shi da mai masauki, in wani abu ya same shi, wa zai tsaya masa? Aka tashi taron ba a amince ba.

Na ji haushi, amma tambayar ta fi haushin daɗewa a raina. Na yi ta lissafa tafiye-tafiyena tun ina yaro, na ga babu motar da na taɓa shiga sai da mutum a ƙarshen hanya. Dutsen Kufena ma da ke nan ƙarƙashin hancinmu, baƙo ne ya sa na hau shi.

Kwana kaɗan bayan haka ina zaune a inuwar ɗakin girki, hotunan suna kan cinyata, sai Inna Dudu ta kawo mini abinci. Ita ce mai dafa wa makaranta abinci tun kafin a ɗauke ni aiki, dattijuwa marar yawan magana. Idonta ya faɗa kan hoton Mambila. Ta goge hannu da gefen zani, ta ɗauka, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, a ina ka samo garinmu?"

Ashe Bafulatanar Mambila ce, mu kuwa duk mun ɗauka haifaffiyar Tudun Jukun ce don Hausarta ba ta da gyara. Wani malamin dabbobi ɗan Zariya da aka tura can aiki ne ya aure ta ya kawo ta. Ya rasu ya bar ta da ƙananan yara, hidima ta yi yawa, hanya ta yi nisa, tun ana aike har aike ya yanke. Ta baro yayanta namiji guda ɗaya a can, Hamman, kuma ba ta san ko yana raye ba. Ta ce ba ta neman komai, ko mutum ɗaya ne ya kira sunanta yadda ake kiransa a gida, ya ishe ta.

Na garzaya ofishin Hajiya Binta da murna, na ce na samu wanda za mu je wurinsa. Ba ta taya ni murnar ba. Ta ce in yi hankali, kada in ɗauki tsohuwa in mai da ita tikitin mota. Yanzu Inna tana da fata, in muka je muka tarar babu kowa, da me zan dawo da ita? Maganar ta shige ni. Na koma na faɗa wa Inna haka ba ɓoye-ɓoye. Ta ce sani ya fi mata wannan zaman. Babban ɗanta ma ya yarda, ya damƙa mini ita amana.

Da kwamiti ya sake zama, jimla ɗaya na yi. Na ce za mu raka Inna Dudu gida ganin dangi. Alhaji Mudi ya ce, "To, yanzu ka yi magana." Ba amincewa kaɗai aka yi ba, unguwa ce ta karɓe tafiyar daga hannuna. Kun san Tudun Wada, babu jihar da ba ta da ɗa a cikinta. Wannan ta kawo saƙon 'yarta da ke aure a Jos, wancan ya ce ƙanensa yana Gombe kuma ya riga ya gaya masa muna tafe, wata daga Gyallesu ta haɗa mu da yayarta a Jalingo. Aka tara wa Inna tsarabar zuwa gida, goro da atamfa da sabulu, Alhaji ya ƙara da buhun gero. A takardar ofis sunan tafiyar yawon buɗe ido, a bakin mutanen unguwa kuwa rakiya.

Inna ta ce kowace yarinya ta ɗauko bargo. A zafin bazarar Zariya, lokacin da mutum ke jin kamar ya tuɓe fatarsa, yaran suka yi ta dariya, amma suka ɗauko.

Tafiya ta yi kyau fiye da yadda na tsara. A Jos mun ga duwatsu an ɗora wani kan wani kamar tukwanen amarya, yara suna ta gardamar abin da ya hana su faɗowa. A Wikki suka tsoma ƙafa a ruwan da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse da ɗuminsa, garau har ana ganin yashin ƙasansa. A wajen Kaltungo duwatsun suka sake kama, suka zama masu tsini. A gadar Numan motar ta yi tsit, don da yawa cikinsu ba su taɓa ganin ruwa mai faɗin Binuwai ba. Ko'ina muka sauka akwai mai jiranmu da abinci da tabarma, kuma shi ke cewa ai ba ku ga wuri kaza ba, ya shige gaba.

Inna kaɗai ce ba ta kallon taga. Carbinta take ja. Ni kuma kullum muka matsa gaba, sai in tuna gargaɗin Hajiya Binta. A Jalingo da Serti na zagaya tasha ina tambayar direbobi ko sun san wani Hamman. Suka ce Hamman ai sun fi a ƙirga a Mambila. Wani ya ƙara da cewa makiyaya da yawa sun ƙetara Kamaru tun rigingimun baya. Ban faɗa mata wannan ba.

Da muka fara hawan tsaunin, hanya tana murɗewa kamar igiya, kunnuwanmu suka toshe. Can sai gajimare ya shigo mana ta taga, sanyi ya biyo shi, masu dariyar bargo suka fara ƙwace na juna. Muna kaiwa sama ƙasa ta buɗe, tuddai kore shar, wani bayan wani har iyakar gani, ga gonakin ganyen shayi an jera su layi-layi. Na miƙe zan fara bayanin da na daɗe ina tanadi, sai na ji muryar Inna. Ta zuge gilashi tana nunawa da yatsa. Abin da ni zan kira tudu, ita cewa take nan ne mashekarin Ardo wane, can ne rafin da suke wanke ƙore, wancan kwarin ne mahaifiyarta ke ratsawa zuwa tallan nono. Na koma na zauna. Abu ɗaya ya rikita ta, itatuwan turare da aka shuka ko'ina, don ta ce a zamaninta babu su, kuma sun rufe mata hanyar gida.

A Nguroje muka nemi gidan mai unguwa. Inna ta faɗi sunan mahaifinta da na kakanta. Aka yi ta shawara da Fulatanci, daga baya aka haɗa mu da mai babur ya shige gaba. Inda mota ta gaza muka taka da ƙafa zuwa wata ruga a gindin tudu. Wani magidanci ya fito. Inna ta faɗa masa ko 'yar wa ce da Fulatancin da ya yi tsatsa, tana yi tana cijewa. Ya tsaya yana kallonta, sai kawai ya durƙusa ya ce, "Goggo Dudu."

Buba ne, ɗan Hamman. Hamman kuwa ya rasu, daminai kaɗan da suka wuce. Inna ta zauna a ƙasa inda take tsaye, tana maimaita innalillahi. Ban taɓa jin nauyin amana irin na wannan lokacin ba. Na ce a raina, na ɗauko tsohuwa tun daga Zariya don ta zo ta karɓi ta'aziyya.

Bayan an yi addu'a an yi sallar la'asar, Buba ya ce mahaifinsa ya bar wa Goggo saƙo, amma ba ya shiga ɗaki, sai mun hau. Muka hau tudun, yara suna riƙe da Inna. A sama muka tarar da garken jajayen shanu suna kiwo, bayansu kwari, bayan kwarin wasu tuddan. Malamai mata suka ciro wayoyi suna ɗaukar hoto, ni ma na ce wannan shi ne hoton da za mu liƙa a aji.

Sai Buba ya juya harshe zuwa Hausa don mu ji. Ya ce a al'adarsu, ranar suna uba yakan ba jariri karsana, kuma duk abin da ta haifa, da abin da 'ya'yanta suka haifa, na mai ita ne. Da Goggo ta tafi Zariya, tata ta zauna a hannun Hamman. Shekarar da ciwo ya shiga garke, da shekarar da aka yi gudu, nasa ya sayar, bai taɓa nata ba. Yaran rugar da ba su taɓa ganinta ba, kullum da safe sai sun ambaci sunanta, don shanun Dudu ake ce musu. Ya nuna garken da sandarsa ya ce, "Baba ya ce za ki zo, ko ki aiko. Ga su nan, Goggo."

Inna ta matsa kusa da shanun. Ta daɗe tana kallonsu, hawaye yana bin fuskarta. Sannan ta ce a kawo mata ƙwarya. Aka riƙe mata wata saniya mai ɗan maraƙi, ta tsuguna, hannun da na sani da tuƙa tuwon makaranta ya kama tatsa kamar jiya ya bari. Da aka dafa madarar, ita da kanta ta bi yaran ɗaya bayan ɗaya tana zuba musu. Ta iso kaina ta miƙo ta ce, "Sha, Malam. Yau ni ce mai masauki."

Ta zauna can har ƙarshen hutu da yardar ɗanta, Buba ya dawo da ita da kansa. Mu kuwa da muka iso Tudun Wada, Alhaji Mudi yana cikin masu tarbarmu. Na ba shi man shanun da Inna ta aiko masa. Bai tambayi dutse ko kogi ba, cewa ya yi mun same su lafiya? Sai da mutane suka watse ya jawo ni gefe, ya rage murya, ya tambaya wai da gaske ne gajimare yana shiga mota.

Abin da na koya ke nan. Mutanenmu ba ƙin ganin ƙasa suke yi ba, so suke a ce akwai wanda ya san da zuwansu. Kuma kowane wurin da muke nuna wa yara a hoto muna cewa dubi kyau, gidan wani ne. Hoton garken yana nan a bangon ajina har yau, yaran sun rubuta masa suna a ƙasa, shanun Inna Dudu. Don haka in kun kawo mini takardar tafiya in sa hannu, ku zo da amsa a shirye, zan tambaye ku wurin wa za ku.