Labarin da zai ƙare kafin inji ya yi ƙara

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Lahadi, tara ga watan Maris, Allah ya yi wa Kawu Tawada rasuwa a gidansa, bayan shekaru yana fama da ciwon ƙoda. 'Yarsa ta ce ya idar da sallar azahar ke nan ya ce numfashi na yi masa nauyi, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Mu da muke haɗuwa da shi a ɗakin wankin ƙoda ba mu ji ba sai washegari, kuma ba da baki aka faɗa mana ba. Shiga muka yi muka tarar da wata matashiya a kujerarsa ta bakin taga, an riga an sa mata allura, tana kuka ƙasa-ƙasa. A ɗakin nan haka ake sanar da mutuwa, domin masu jiran kujera sun fi kujerun yawa.

Kawu, ni ba 'yar uwarka ba ce, ba kuma majinyaciya ba. Matar Direba ce ni, wadda ke zama a kan ɗan benci kusa da kujerar mijinta duk Litinin da Laraba da Juma'a, tana rungume da bargo. Kai ka sa mini suna Sufeto, wai ko sauro bai isa ya sauka a kan mijina ba sai na tambaye shi daga ina. Ban ji daɗin sunan ba a lokacin. Yanzu kuwa babu mai kira na da shi.

Lokacin da muka fara zuwa, mijina ya riga ya sallama. Mutum ne da ya shekara ashirin yana tuƙa babbar mota, bai saba kwana biyu a wuri ɗaya ba, sai ga shi an ɗaure masa hannu da inji, jininsa na fita ta robar nan yana komawa ta waccan. Wata ɗaya bai cika ba ya ce mini shi ya gama, a bar shi ya mutu a kan gadonsa. Likita ya ja ni gefe ya faɗa mini gaskiya ba ɓoye-ɓoye: in ya daina zuwa, ruwa da dafi za su taru a jikinsa, ba zai daɗe ba. Na yi roƙo, na yi faɗa, na turo masa yayansa, na yi kuka a gaban yara don kunya ta kama shi. Duk a banza. Na samu dai ya yarda zai zo sau ɗaya na ƙarshe, don in daina cika masa kunne.

A ranar ka jawo teburin nan mai taya da ake ajiye wa majinyata magani, ka ɗora ƙaramin kwanon ƙarfe na asibiti, ka zuba 'yan lido masu ɗigo-ɗigon lamba a ciki. Mijina ya dube ka sama da ƙasa.

"Caca a asibiti, Kawu? Da furfurarka?"

"Ba a sa komai, ba a cin komai," ka ce. "Wata motar kaya ce ta maƙale a tsakiyar gada da mutane a ciki, ruwa yana hauhawa, kuma duk cikinmu babu wanda ya iya tuƙi."

Ya kau da kai. Na ce a raina tsohon nan bai san da wa yake yi ba. Can sai na ji muryar mijina, fuskarsa na kallon bango.

"Gadar katako ce ko ta ƙarfe?"

Ranar na fara ganin wasan. Mutum ɗaya ne ke riƙe da labari, sauran kowa ya ɗauki mutum ɗaya a cikin labarin ya zama shi, ya faɗi abin da zai yi, a jefa ɗan lido a ga ko ya dace ko ya faɗi. A maɗaba'ar da ka yi aiki ka koye shi, inda aka taɓa kawo muku ƙananan littattafan wasan ku buga, kuma daga can ka samo baƙin da ya ƙi fita daga faratanka har ya zame maka suna. Mijina ya sa aka sauke rabin kaya, ya sa aka rage iskar taya, ya daka wa wani dattijo mai gadi da ke kujerar kusa da shi tsawa don a cikin labarin ya tsaya ɗaukar jakarsa. Motar ta haye gadar daidai lokacin da injinsa ya yi ƙarar gamawa. Ran Laraba ya riga ni sa takalmi.

Mutane sun ɗauka iya ba da labari ne baiwarka. Ni da nake zaune a gefe na san ba nan take ba, domin muryarka ba ta da daɗi, kuma kana yawan manta sunayen da kai da kanka ka raɗa. Baiwarka zaɓe ce. Kana da manyan littattafai masu kauri, masu hoton dodanni da sarakuna, amma ban taɓa ganin ka buɗe ɗaya ba ran da aka kawo sabon majinyaci. Sai ka zauna kana lura da shi tukuna. In mai ciwon suga ne da ido ya fara dushewa, ka ajiye duk abin da ke buƙatar karatu. In hannunsa mai amfani aka sa wa allura, ka nemi labarin da ɗan lido ɗaya ya isa. Ba ka yarda da labarin da sai an haddace dokoki kafin a fara, kana cewa wanda aka gama karanta masa abin da ba zai ƙara ci ba, ba ya buƙatar wasu dokokin a ranar. Kuma ba ka taɓa barin mutumin sabon ɗan wasa ya mutu a labari ba. In ɗan lido ya ba shi kunya, a kama shi, a ƙwace masa doki, ya faɗa rami, amma ya fito.

Ka yi kuskure, kuma ba za mu rufa maka asiri ba don ka mutu. Akwai ranar da ka kawo labarin ayari da ya ɓace a hamada. Kai da ka fi kowa sanin cewa ruwan da aka yarda mai wankin ƙoda ya sha a yini bai kai ya kashe ƙishirwar yaro ba, kai ne ka zauna kana bayyana musu rana da busasshen maƙogwaro da rijiyar da aka tarar ta ƙafe. Kafin a kai rabi mai gadi ya fara lasar leɓe, wata Hajiya ta fashe da kuka tana roƙon Sista, nas ɗin da ke kula da ɗakin, ko ƙanƙara ɗaya. Sista ta zo ta tsaya a kanka, hannu a ƙugu, ta ce in ka sake kawo mata hamada ɗakinta, kai da jakarka a waje za ku yi wankin. Ka ba kowa haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar duk labarin da ka kawo, sai ka tabbata ruwan sama ake yi a cikinsa.

Doka ɗaya ce ba ka taɓa sassautawa ba: dole labari ya ƙare a zama ɗaya, kafin injin farko ya yi ƙara. Mijina ya sha yi maka ƙorafi, yana son dogon labari da za a yi wata ana yi. Wata rana na tambaye ka dalili, sai ka ba ni labarin wata malamar makaranta da kuka yi wasa da ita kafin zuwanmu. Kun ɗauko labarin doguwar tafiya, kun tsaya ranar Laraba an kulle ta a wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, abokan tafiyarta suna neman mabuɗi. Ba ta kai zama na gaba ba. Sauran suka ƙi ci gaba, suka kuma ƙi yarda a fara wani. Bayan sadaka ɗanta ya zo har asibiti ya same ka, ya ce uwarsa ta yi ta maganar wani ɗaki da aka kulle ta a ciki, yana son ya san ko zafin ciwo ne ya sa ta surutai. Ka ce mini ba ka san abin da ka amsa masa ba.

"Mu nan ba mu da hurumin cewa sai wani zama, Sufeto," ka ce. "Duk wanda na shigar labari, sai na fito da shi kafin ya tashi daga kujera."

A watannin ƙarshe kowa ya ga kana tafiya. Fatarka ta yi toka, hannunka na rawa har ɗan lido na faɗuwa ƙasa, ni ke tsugunawa in lalubo shi a ƙarƙashin kujeru. Wani lokaci sai ka yi shiru a tsakiyar magana, ido a rufe, kowa ya zuba wa injinka ido, sannan ka buɗe ka ci gaba daga inda ka tsaya. Duk da haka ba ka taɓa barin labari a buɗe ba. In ka ji ƙarfinka na ƙarewa, sai ka yanke hanya, ka sa ƙofar da ya kamata a sha wuya kafin a buɗe ta ta buɗe da kanta.

Ranar da muka tarar da matashiyar nan a kujerarka, mijina ya yi wankinsa yana kallon bango. Da muka isa gida ya kwanta ya juya mini baya.

"Shekara nawa Kawu ya yi yana zuwa? Bai taɓa fashi ba. Ina amfanin?"

Laraba ya ƙi tashi. Kafin Alhamis ƙafafunsa sun kumbura, takalmi ba ya shiga, numfashinsa na fita da ƙara kamar ana jan buhu a siminti. Na zauna a bakin gado ina kallonsa, ina jin haushinsa, ina jin naka ma, Kawu, Allah ya yafe mini. Ka riƙe mini shi shekara biyu, ka sake shi ba sallama.

Da yamma 'yarka ta zo da jakarka. Ta ce ba ka bar wasiyya a kanta ba, ita dai ba ta san yadda za ta yi da ita ba, Sista ce ta kwatanta mata gidanmu. Mijina ko ɗaga kai bai yi ba. Bayan ta tafi na zazzage littattafan da ke jakar a kan gado, na ce tunda shi ya zaɓi kwanciya, ni zan je in yi wa yarinyar nan wasa gobe, don na ji Sista na cewa yarinyar ma ta fara maganar ba za ta dawo ba. Na ɗauko na hamadar nan da gangan, na fara karantawa da ƙarfi.

"Ajiye wannan," ya ce. "Kashe su za ki yi?"

Na ɗauko mafi kauri.

"Wannan sai an yi wata."

"To wanne? Ni ban san komai ba, bargo kawai na iya riƙewa."

Ya juyo ya dubi littattafan. Sannan ya tambaye ni sana'ar yarinyar, na ce kitso. Ya tambayi hannun da aka sa mata allura, na ce dama. Ya ce in taimaka masa ya zauna. Yana haki yana buɗe littattafan ɗaya bayan ɗaya, yana ture wasu gefe, har ya tsaya a kan wani siriri, na wasu mutum huɗu da aka aika su kai magani wani ƙauye kafin kogi ya rufe hanya.

Ranar Juma'a ni da yayansa muka ciccibe shi zuwa mota. Likita ya yi masa faɗan da ban taɓa jin an yi wa babba ba. Da aka haɗa shi da inji, numfashi ya ɗan dawo, ya ce in jawo teburin. Mai kitso ta ce ita a ƙyale ta. Ya ce ba komai, igiya ce dai ta tsinke a bakin kogi, kuma duk cikinsu babu wanda ya iya tufka. Ta yi tsaki, sannan ta tambayi ko da me aka yi igiyar.

Zaɓensa ya yi kyau, Kawu, da ka ji daɗi. Riƙon labarin ne bai iya ba. Ya tsaya bayyana kowane kwana na hanya, ya bar mai gadi ya yi ta gardama da mai kwalekwale, ya manta da duba lokaci. Injin Hajiya ya yi ƙara suna tsakiyar kogi, kwalekwale ya fara shan ruwa, magani na hannun mai kitso. Tsofaffin ɗakin suka dubi juna, domin duk sun san dokarka. Na ga fuskar mijina ta canza. Ya yi ƙoƙarin yanke hanya yadda kake yi, amma Sista ta riga ta fara cire allurai, masu jiran kujera suna tsaye a bakin ƙofa.

Mai kitso ce kaɗai ba ta san komai ba. Tana danne da auduga a hannu ta juyo.

"Kawu Direba, yanzu haka za ka bar mu a ruwa? Yaushe za mu haye?"

Ya dube ni, ya dubi kujerar bakin taga, sannan ya ce, "Litinin. Kowa ya zo."

Allah ya jiƙan Kawu Tawada, ya gafarta masa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, ya shayar da shi ruwan da ba a aunawa. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarsa da ta yi jinyarsa ba gajiya, da jikokinsa, da Sista da abokan aikinta, da duk wanda ya taɓa jefa ɗan lido a kwanon nan da hannu ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya kyautata namu ƙarshen.

Yau Asabar nake rubuta wannan. Daga Juma'a zuwa Litinin ita ce tazarar da kowane mai wankin ƙoda ya fi tsoro, domin ita ce mafi tsawo. Mijina yana ɗaki yana bitar rabin labarin da ya rage. Su huɗu ya bari a cikin kwalekwalen nan, shi ne na biyar. Ya Allah, ka kai su Litinin, su duka.